Mai Riƙe wa Kawu Wuri

Duk wanda ya taɓa bin layin masu shayi na Karantina a Jidda bayan la'asar, kafin a rushe unguwar, ya ji muryar Kawu ko da bai ga fuskarsa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kuwa ta mai kiran jirgi daga tsakiyar teku ce. Sunansa na yanka Muslim, amma ko matarsa Hikima sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno da shi. A Jidda aka haife shi, nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa, ya sauke farali, ya ce gobe zai koma gida, goben kuwa har yau ba ta waye ba. Kawu ya ci ƙuruciyarsa yana dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya samu tuƙin motar ɗaga kaya, har ranar da ƙugunsa ya ce masa halas, ya isa haka.

To amma duk wannan ba shi ya sa aka san shi ba. Balut ce ta fito da shi.

Ga wanda bai sani ba, balut karta ce ta mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Launin katin huɗu ne: sibit, has, diman da shiriya. Ba a sa ko sisi, mutunci kawai ake ci, shi ya sa ma take da zafi. Kafin a fara sai an yi ciniki. Wanda ya ga hannunsa da ƙarfi ya ce “san”, wato zai yi wasan ba tare da wani launi ya hau kan sauran ba. Wani ya ce “hukum”, ya zaɓi launin da zai yi sarauta. Wanda hannunsa ya mutu ya ce “bas”, ya ja bakinsa. Wanda ya saya dole shi da abokinsa su kwashi fiye da rabin maki, in ba haka ba komai ya tafi ga abokan gaba. Da zarar an fara kuma, babu mai faɗa wa abokinsa abin da yake riƙe da shi. Katin da ka yar shi ne bakinka.

Abokin Kawu shi ne Rilwanu, tela a Bab Makka. Shi daga Gusau ya zo aikin hajji yana saurayi, ya tsaya ɗinkin jallabiya na wata biyu, wata biyun suka zama furfura. Siriri ne, mai sanyin magana, kullum da zare maƙale a kafaɗarsa. Fiye da shekara talatin suna zama a kan darduma ɗaya a gaban shagon shayi, su biyu a kan Abdulghani mai gidan burodi da Nayef direban tasi, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin Kawu ya yaba wa Rilwanu ba.

“Kai tela, da ido kake wasa ko da allura?” in ji Kawu. “Wa ya aike ka ka fito da wannan?”

Rilwanu ya kurɓi shayinsa. “Ɗan dako, rage murya, ba buhun shinkafa kake saukewa ba.”

“Buhu ya fi ka, shi inda aka ajiye shi yake zama.”

Baƙo ya ji su sai ya ce gobe ba za su gaisa ba. Amma a ba su kati ka ga ikon Allah. Rilwanu zai yar da ƙaramin kati ɗaya, Kawu ya san duk abin da ke hannunsa kamar ya leƙa. Akwai wani saƙo da 'yan balut ke kira barƙiyya. Idan abokinka yana cin zagaye da launin da kai ba ka da shi, sai ka jefar da ikka, wato katin da ya fi kowane girma a wani launin. Ba mai zubar da ikka a banza, don haka ma'anarsa ɗaya ce: gomar wannan launi, wadda ke bin ikka a girma, da na bayanta suna hannuna, turo mini shi, sauran wasan nawa ne. Rilwanu bai cika aika barƙiyya ba, amma duk ranar da ya aika, Nayef kan ajiye katinsa tun kafin a ƙarasa, ya ce a raba sabo kawai.

Sai shekarar rusau ta zo. Aka wayi gari da jan fenti a bangon gidaje, kowa ya shiga neman motar kwasar kaya. Kawu da Hikima suka samu ɗaki biyu a can kudu. Rilwanu, wanda matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa Zubaidatu ta ɗauke shi zuwa gidan mijinta a Harazat, bayan babbar hanya, inda mai zuwa sai ya yi niyya. Da farko suna waya, Kawu yana zaginsa, shi yana dariya. Daga baya wayar ta koma Zubaidatu ce ke ɗauka. Baba yana barci. Baba ya ɗan gaji. Har ran da ta ce, “Kawu, gara ka zo da kanka. Mantuwa ce ta kama shi. Jiya ni ma sai da ya tambaye ni 'yar wace ce.”

Kawu ya ce, “Ke rabu da shi, wannan tun yana da hankalinsa ma mantuwa yake. Ni zai manta?”

Ya kashe wayar, Hikima ta tambaye shi ko lafiya.

Ranar Juma'a ya nemo Abdulghani, Nayef ya kwashe su a tasinsa. Kawu ya sa tsohuwar kartarsu a aljihu, wadda gefenta ya yi laushi kamar tsumma. A hanya Abdulghani ya ce, “Don Allah yau ka sassauta masa. Mara lafiya ne, ba a yi masa tsawa.” Nayef ma ya ce haka. Kawu ya ce ya ji.

Suka tarar da Rilwanu a tsakar gida a kan darduma, ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Ya amsa sallama da fara'a, ya ba kowa hannu. Da ya zo kan Kawu ya riƙe hannunsa, ya dube shi da kyau, ya ce, “Marhaba da baƙo. Bawan Allah daga ina?”

Kawu ya buɗe baki, muryar nan da ke cika layi guda ta ƙi fitowa. Zubaidatu, da ke ajiye butar shayi, ta ce, “Baba, Kawu ne fa.”

“Kawu yana tasha, bai tashi aiki ba,” in ji Rilwanu. “Ku zauna, yanzu za ku ji shi.”

Nan Kawu ya zaro kartar ya ajiye a tsakiya. A ransa ya ce, ido ya manta, amma hannu ba ya mantuwa. Bari mu yi zagaye biyu, zai san wanda ke gabansa. Da gaske kuwa, yatsun Rilwanu suka ɗauki katin suka gauraya shi kamar jiya suka rabu. Ya jera nasa a hannu, ya ce “bas” a inda ya dace, ya ce “hukum” a inda ya dace. Sau ɗaya ya fito da katin da bai kamata ba, Kawu ya ji zagin ya taso masa har maƙogwaro, Abdulghani ya harare shi, ya haɗiye. Ya ce, “Ba komai, Alhaji, wasa ne.” Rilwanu ya ɗago ya dube shi kamar yadda ake duban baƙon da ya cika ladabi.

Aka sake rabawa. Kawu ya duba hannunsa: manyan sibit uku, ikkan has, ga gomar diman da bakwai ɗinta. Ya ce, “San.”

Ya sauke sibit na farko ya ci, ya sauke na biyu ya ci. A na uku Rilwanu ba shi da sibit. Ya tsaya, ya shafa katinsa da babban yatsa kamar yadda ya saba, ya zaro ikkan diman ya ajiye a hankali, sannan ya ɗago ido ya kafe Kawu da shi.

Barƙiyya ce. Nayef ya saki numfashi, ya ce, “Yalla, an gama da mu.”

Kawu kaɗai ya san ba a gama ba. Mai aika barƙiyya yana cewa goma tana hannunsa, gomar diman kuwa ga ta nan a tsakanin yatsun Kawu. Saƙon wofi ne. Hannun ya tuna yadda ake aikawa, kan ya manta dalilin. Hanyar cin wasan a fili take: ya yi kamar bai gani ba, ya sauke ikkansa na has, ya sauke gomarsa, su tsallake. Da a Karantina ne, haka zai yi, sannan ya kwashe rabin sa'a yana wanke Rilwanu tas, yana tambayarsa ko gomar a aljihun wandon wani ya ɗinke ta.

Amma ga idanun nan suna jiransa. Tunda suka shigo gidan, wannan ne karo na farko da Rilwanu ya dube shi kamar abokin wasa. Shekara talatin Kawu bai taɓa ƙin amsa barƙiyyarsa ba. Yau da mutumin ba shi da komai sai wannan, shi ne zai nuna masa a gaban mutane cewa maganarsa ba ta da kai?

Ya zaro bakwai ɗin diman ya tura masa.

Abdulghani, da ke bin sa, ya ɗora shayib, wato sarkin launin, yana sa ran a danne shi. Rilwanu ya duba hannunsa, ya sake dubawa, ya ajiye takwas. Shi ke nan abin da yake da shi. Hannu ya koma wurin Abdulghani, shi kuma babu abin da ya rage masa sai shiriya, ya dinga sauke su ɗaya bayan ɗaya kansa a sunkuye, kamar mai neman gafara. Ikkan Kawu ya tafi a ciki. A zagaye na ƙarshe gomar diman ta faɗo daga hannunsa a gaban kowa.

Rilwanu ya sa yatsa a kan gomar. Ya daɗe yana kallonta.

“Bawan Allah, tana hannunka?”

“Tana hannuna.”

“Ka ga na yi shirme, kana riƙe da ita, ka biyo ni?”

“Ba komai, Alhaji. Wasa ne.”

Rilwanu ya girgiza kai, ya yi 'yar dariya mai taushi. “Kai mutumin kirki ne, amma ba ka iya balut ba. Da abokina ne, Kawu, ba zai biyo ni ba. Zai ci wasansa, sannan ya zage ni har a kira magariba. Shi ba ya jin tausayina, ya san ni ba abin tausayi ba ne.” Ya juya wajen Abdulghani. “Ko ƙarya na yi?”

Abdulghani ya ce, “Gaskiya ne,” yana kallon darduma.

Kawu ya gane abin da ya yi. Tun daga ƙofa ya ajiye muryarsa, ya shigo da ladabin da Rilwanu bai taɓa saninsa da shi ba. Ya gyara zama, ya cika ƙirjinsa da iska, ya ce, “Kai tela, da ido kake wasa ko da…” Maganar ta karye a tsakiya. Abin da ya fito ba tsawa ba ce, wata 'yar murya ce mai rawa, ta tsoho.

Rilwanu ya miƙo hannu ya dafa gwiwarsa. “Kar ka damu, kowa da haka ya fara. Ka dai riƙe masa wurin kafin ya iso. In ya zo ka zauna a bayansa ka ga yadda ake yi.”

Suka kama hanyar komawa, suka hau babbar hanya. Nayef ya kunna rediyo, ya sake kashewa. Can Abdulghani ya ce, “Laifina ne, ni na ce ka sassauta.” Kawu ya ce, “Kai ka riƙe mini gomar?”

Ya sake gwadawa a Juma'ar da ta biyo baya. Tun a mota yake haɗa zagin, ya shiga da shi a baki, ya sauke shi da ƙarfinsa kamar dā. Rilwanu ya tsorata, ya kira Zubaidatu ya tambaye ta me ya yi wa baƙon nan. Ƙofar da ta ɗan buɗe ranar farko ta riga ta rufe. Kawu ya ba shi haƙuri, ya koma “Alhaji”.

Har yanzu yana zuwa. In Nayef yana da fasinja, ya hau motar haya, ya ƙarasa da ƙafa yana dafe da ƙugu. Rilwanu ya daina gane san da hukum, wani lokaci katin ma a juye yake riƙe shi, amma yana son a raba. Da an zauna zai dubi ƙofa ya ce, “Kawu bai iso ba?” Kawu ya ce, “Yana hanya, Alhaji, aiki ne ya riƙe shi.” Sai Rilwanu ya ce, “To zauna masa.”

Hikima ta taɓa tambayarsa me yake samu a wannan tafiya mai nisa, mutumin da bai ma san shi ba. Kawu yana ɗaure kartar da roba, bai ɗago ba. Ya ce, “Ya san ni mana. Kullum sai ya ba ni labarina.”