Durowar Matattun Hatimai

Na daɗe ina ganin hatimi ɓata lokaci ne kawai. A inda na yi karatu, mutum kan yi wa kamfani rajista ta waya kafin shayinsa ya huce. Da na dawo na tarar filin da muke buga ƙwallo ya cika da benayen gilashi da baƙin kamfanonin manhaja, sai na ɗauka kwanan irin su Baba Mai Hatimi ya ƙare. Har yau ban tabbatar ba.

Shagonsa a ƙarƙashin matakala yake, cikin tsohon benen da ke kallon ofishin rajistar kamfanoni. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin ƙara girman rubutu, da ƙananan wuƙaƙe cikin gwangwani. Shekara talatin da huɗu ke nan yana sassaƙa sunaye a jikin roba. Da hantsi rana kan daki gilashin benen tsallake ta faɗo kan teburinsa, ƙurar roba ta yi ta shawagi cikin hasken, shi kuma ya bi ta da ido har ya manta wuƙa na hannunsa.

Idan kamfani ya rufe, akan dawo masa da hatimin ya tsaga shi a gaban lauya, don kada wani ya yi ɓarna da shi. Sauran masu sana'ar jefarwa suke yi. Shi kuwa a durowar ƙasa yake tarawa. In babu aiki sai ya jawo ta, ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya: na masu ƙananan jiragen kai magani, na masu koya wa yara karatu ta waya, na masu alƙawarin gaya wa manomi ranar da ruwa zai sauka. Yakan ga fuskokinsu kamar jiya, da jakunkunansu na goyo, suna murmushi.

Wata Litinin autarsa ta faɗo shagon tana haki. Kwamfuta ta karanta, kuma wasu baƙi uku sun ɗauke ta aiki.

"Baba, albishirinka! An yi ni darakta."

"Darakta? Ke da har yau ba ki iya ninke gidan sauro ba?"

"Kai dai yi ta faɗa. Doka ta ce sai sun sa ɗan ƙasa, shi ne suka zaɓe ni. Hatimi muke so kafin Alhamis, banki ya ƙi sauraronmu sai da shi."

"Me kuke sayarwa?"

"Sa hannu ta waya. Ba takarda, ba tawada."

Baba ya yi dariya har ya ƙware. "Ikon Allah! Masu kashe hatimi sun zo neman hatimi."

Ya ɗora gilashinsa a kan takardun yana bi layi-layi, kamar yadda yake wa kowa. A shafi na huɗu dariyar ta ɗauke. Sunan Auta ne kaɗai a gurbin darakta. Baƙin kuwa sun fake a bayan uwar kamfanin, wadda ke can wata ƙasa.

"Ba zan sassaƙa ba."

"Haba, Baba!"

"In suka tafi, ma'aikata wa za su nema? Bayanan mutane da kuka tara, wa hukuma za ta tambaya?"

"Ba za su tafi ba."

"Duk na cikin durowar nan haka suka ce."

Ta kwashe takardunta. "Ai akwai mai injin yin hatimi a bakin titi. Minti goma ya gama."

Ya san da haka. Kwana biyu gaisuwarta a gida ba ta wuce kalma biyu, uwarta na cewa, "Kai da 'yarka, ni ba ruwana, halinku ɗaya." Shi kuwa kullum idonsa na kan ƙofar mai injin.

Ran Laraba sai ga ta da babban baƙin, wanda take kira Dogo. Sai da ya duƙa kafin ya shiga ƙarƙashin matakalar. Baba ya zare durowar ya juye ta a kan tebur. Hatimai suka gangara cikin hasken rana, kowanne da tsagarsa. Ya tsamo wani mai shuɗin mariƙi.

"Auta, fassara masa, kar ki rage. Wannan na wani saurayi ne da aka yi wa darakta kamar ke. Wata Asabar iyayen gidansa suka hau jirgi. Shekara uku yana zaryar kotu shi kaɗai. Shi ya kawo mini wannan da kansa."

Ta fassara, muryarta na raguwa. Dogo ya daɗe yana juya hatimin a tafinsa. Daga baya ya ce shi kyauta ya ɗauka ya yi mata; a kamfaninsu darakta suna ne da ake liƙa wa wanda ya fi ƙoƙari, bai taɓa tunanin kaya ne ba.

"Ce masa kaya ne. Kuma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba."

Alhamis ta wuce ba a je banki ba. Lauya ya sake takardun: Dogo ya shiga darakta tare da ita, uwar kamfanin kuma ta rattaba hannu cewa haƙƙin ma'aikata da duk wata shari'a a wuyanta suke, ba a wuyan Auta ba. Sai da Baba ya bi kowane layi da gilashinsa, sannan ya zaɓi wuƙa. Yini guda ya yi a kai, Auta na zaune kan matakala tana kallonsa kamar lokacin da take ƙarama.

Ranar da ya ba ni labarin, na tambaye shi, "Baba, in sana'arsu ta yi ƙarfi taka ta mutu fa. Ba ka damu ba?"

Ya tura durowar da ƙafa ta rufe.

"Ta mutu mana, ai idon ma ya gaji. Ni dai kada hatiminsu ya dawo nan. In kuma ya dawo, kada ya zama Auta ce ta kawo shi ita kaɗai."