Ni da Tankin Ruwa

Shekarar da bayana ya ƙage, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad. Ciwo ne na gaske, in na yi atishawa a Riyad sai an ji ƙarar ƙuguna a Maraɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sallah. Na koma kan kujerar roba a ƙarshen sahu, cikin tsofaffi, ina nuni da kai. Goshina ya yi kewar ƙasa.

Abokin aikina wani Ba'indiye ne mai bin addinin Hindu, siriri kamar tsinken tsire. Kullum yana sauraron wani malaminsu na yoga a waya, yana fassara mini da Larabcinmu na kasuwa. Wai jikin nan aro ne daga ƙasa, shinkafa da ruwa ne suka taru suka zama kai, don haka a riƙe shi da ladabi. Wai kuma wanda bai iya mulkin numfashinsa ba, kada a ba shi mulkin ko unguwa.

Na ce, "Sadik," wato aboki da Larabci, "in aka bi wannan a ƙasarmu, sai dai a rufe majalisa."

Ya yi dariya, ya ce in same shi a rufin masaukinmu da sassafe, zai gwada mini maganin baya. Na tarar ya shimfiɗa kwali biyu suna kallon gabas. Ni kuwa tun ina yaro gabas nake kallo in sunkuya, don a gida nan ce alƙibla. Har na fara duƙawa, sai ga rana jajur a gabana, Makka kuma tana bayan ƙeyata. Na tambaye shi sunan wannan motsi, ya ce gaida rana.

Na ce, "Ni da rana sai dai harara. Ba zan duƙa mata ba, ko ciwon bayan nan zai kai ni kabari."

Na zaci zai ji haushi. Sai ya ce malaminsu ya hana a ja mutum daga abin da yake bauta wa.

"Haji, to me za ka kalla?"

Na waiga, na nuna tankin ruwa da ke arewa. Ya juya kwalina can. Ya cire addu'o'insu da haɗa tafin hannu, ya bar mini miƙa da jan numfashi kawai. Haka muka yi ta yi, shi yana gaida ranarsa, ni ina nishi gaban tanki kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya.

Wata Juma'a a masallacin unguwar Dira, liman ya yi kabbarar sujada, sai na ture kujerar na sauka. Goshina ya taɓa darduma. Saura kaɗan liman ya tafi ya bar ni a wurin.

Da na koma na kai wa mutumina dabino, ya ce in ba tanki nasa kason. Na gode wa Allah, na gode masa, na ce ya isar da gaisuwata ga malamin nan da ban taɓa gani ba.