Gonar Tirwun da Yaya Ɗalhatu ya ƙi sayarwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Ɗalhatu na Ƙofar Wambai, Allah Ya jiƙansa. Na so bana in yi masa addu'a kawai in ja bakina, amma ɗansa ya hana ni sakat.

Tsofaffin unguwa ba su manta shekarar da Yaya ya nemi kansila ba. Kowa ya san al'adar. Jama'a su zo gaida ɗan takara, a sha ruwa, a shafa fatiha, in ya rako su bakin ƙofa sai ya cusa hannu aljihu ya ba da na mota. Har maƙwabcin da katangarmu ɗaya da shi yakan tsaya jiran na mota! Yaya kuwa rakiyar yake yi tsaf, har bakin titi, hannunsa biyu a baya, ya ce a gaida gida. Wallahi ni da nake leƙe ta zaure kunya ke rufe ni.

Abokansa suka ce ya sayar da gonar gadonmu ta Tirwun, ko ya manta da kujera. Ya ce, "In na hau, da me zan mai da gonar in ba da kuɗin jama'a ba?" Ya sha ƙasa warwas. Waɗanda suka ci tuwonmu ma ba su zaɓe shi ba.

Yanzu ga rediyo ana ta maganar gyara tsarin mulki don a ƙayyade kuɗin yaƙin neman zaɓe. Madalla. Da Yaya na raye, na san zai tambaya su wa za su gyara, in ba waɗanda na mota ya kai majalisar ba. Kuma wace doka ce za ta bi mutum bakin ƙofarsa ta leƙa aljihunsa?

Makon jiya Nasiru, babban ɗansa, ya zo ya zauna gabana. Kansilan yake nema shi ma. Gari ya cim ma Tirwun, masu gina gidaje na ta taya gonar, kuma ba za ta sayu ba sai na yarda, don da rabona a ciki.

Ya ce, "Gwaggo, Baba ya riƙe mutunci, to me unguwa ta samu? Wanda ya kayar da shi ko kwata bai gyara ba."

Yaron nan ba ɓarawo ba ne, kuma ba ƙarya yake ba. In na hana, zai faɗi kamar ubansa, ni ce sila. In na yarda, na sayar da abu ɗaya tak da ubansa ya tsare. Raina a ɓace yake, ban ma san da wa nake fushi ba.

Yaya bai bar kujera ba, bai bar titi mai sunansa ba. Gonar nan ya bari, har bana dawarta muke ci. Ranar Juma'a Nasiru zai dawo da mai saye. Da ya tashi tafiya na raka shi bakin titi, sai na ga shi ma hannunsa biyu a baya yake tafiya. Bayan Juma'a, bakina ne zai sa ya bar su a baya ko ya cusa su aljihu.