Goshin yayata a zaman makokin Baba

Shekarun baya, lokacin da ma'aikata ke yin wata uku, wata huɗu ba su ga albashi ba, yaran lakwal, wato 'yan makaranta, kuma na zaune gida saboda yajin aiki, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a nan Tawa. Bai yi doguwar jinya ba. Ya dawo daga kasuwa ran Lahadi ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, kafin Talata an kai shi makwancinsa.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da yayata. Ni ce ta gida. Ko aure bai fitar da ni daga unguwa ba, katanga biyu ce tsakanina da Inna, in ta yi tari ina jin ta. Ita kuwa yayata tana Faransa. Ta bi mijinta da ya je karatu, auren ya mutu a can, Baba ya aika mata ta dawo, ta ƙi. Ya sake aikawa, ta ƙi. Na ukun a kaset ya yi shi, ya faɗi maganganu masu zafi, ni ce ma na danna masa rakodar. Daga nan ba ta sake zuwa gida ba har shekara bakwai. Tana aiko da saƙo, yana karɓa, ba ya cewa komai.

A gidan wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi mai tarho aka buga mata. Ta sauka Yamai, ta hau mota, ta iso mana ran kwana shida da la'asar.

Ku da kuka san mu kun san yadda mace ke shiga gidan mutuwar ubanta. Tun daga bakin zaure ake jin muryarta, matan ciki su amsa mata, ko da kuwa yanzun nan suke hirar tsadar hatsi. Yayata ta yi duk wannan. Muka ji ta, muka amsa. Ta shigo ta durƙusa gaban Inna, hawaye na zuba har kan wuyanta. Amma daga idonta zuwa sama babu abin da ya motsa. Gira tana inda take. Goshi sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya. Macen da ta ba ni shekara biyar, ga ta nan kamar ni na goya ta.

Akwai gwaggonmu, ƙanwar Baba, da ta zo daga Kalfu tun ranar jana'iza. Ita ba ta ganin abu ta bar shi ya kwana. Ta same ni bakin murhu, ta ɗan zunguri gwiwar hannuna, ta ce: "Hawaye ai ko hayaƙin ɗanyen icce na kawo su. Goshi ake duba, ɗiyata."

Na duba kuwa. Duk ranar addu'ar bakwai ban yi wani aikin kirki ba sai duban goshin yayata. Tsofaffi na ba da labarin alherin Baba, kowa fuskarsa ta tattare, ita tata kamar an goge ta da dutsen guga.

Yayata ita ce 'yar farin Inna. Tun da aka yaye ta kakarmu ta ɗauke ta, kuma Inna irin mutanen da ce sosai: ba ta faɗin sunanta, ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta tambayar ta komai kai tsaye. In tana son sanin wani abu game da ita, ta bakina yake bi. Washegari da hantsi ina yi mata shara a ɗakin da take zaman takaba, sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba: "Ke da kinka zauna kusa da ita, mi kinka gani ga 'yar'uwarki?"

Na ce: "Inna, kamar wadda ta zo biki."

Yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya. Na san abin da ya sa na faɗe ta. Ni da haihuwa shida da hayaƙin murhu, fuskata ta riga ta fara ninkewa, ga wata ta sauko daga jirgi tana sheƙi. Ba baƙin cikin Baba kaɗai ke cikin bakina ba ranar.

Inna ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce yarinyar nan ba ta yafe masa ba. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba. Amma daga ranar, in yayata ta shigo gaisuwa, "lahiya" kawai take samu, ita ma bango ake faɗa wa. In ta dama fura ta kawo, sai a nuna mata ƙasa da haɓa, ta ajiye ta fita. Kwana goma aka ba ta a wurin aiki. Ina kallo biyar suka wuce a haka. Kuma na san halin su biyun: in ta koma a kan wannan, shekara bakwai ɗin da ta yi da Baba ita za ta sake yi da Inna, ko fiye.

Gwaggo kuma ta canza shawara. Ta ce ba taurin zuciya ba ne, iska ce ta shafe ta a ƙasar da ba a kiran salla. Sai ta shiga turara wasu saiwoyi a ƙofar ɗakin da yayata ke kwana, in an tambaye ta ta ce na sauro ne. A tsakiyar bazara, ko sauro ɗaya babu a garin. Yayata tana ta tari, tana yi mata godiya.

Ran nan bayan azahar, masu gaisuwa sun ragu, na je ɗakin Baba ɗauko tabarma. Ban kai ga labule ba na ji shessheƙa. Ni dai Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, aji uku na yi aka cire ni, amma ya ba ni kunne. Ina gane takun kowa a gidan nan, ina gane wadda ke daka da fushi daga ƙarar turminta. Kukan nan na san shi tun muna yara: ta ja numfashi sau biyu, ya sarƙe, sannan ya fito. Ba kukan da ake yi don jama'a ba ne, don ba ta san da kowa a wurin ba.

Na ɗaga labule. Tana zaune a ƙasa, hular Baba a cinyarta, jikinta duk yana rawa. Goshin kuwa yana nan yadda yake. A nan tsoro ya kama ni, na ce ko ɓarin jiki ne ke shirin shanyewa.

Na ce: "Yaya, ɗaga girarki in gani."

Ta yi ƙoƙari, na ga ta yi. Babu abin da ya tashi.

"Mi ya same ki?"

"Allura ce."

"Ta wane ciwo?"

Ta share hanci da bakin zane, ta ce: "Ta tamoji."

Na zauna. Sai ta ba ni labari. A can wurin wani likitan fata take aiki, ita ke buɗe wa mutane ƙofa ta zaunar da su. Likitan ya fara wata sabuwar allura da mata masu hali ke zuwa yi. Wani dafi ne, ɗan kaɗan ƙwarai, ana sa shi ƙarƙashin fata, naman wurin ya yi barci, fata ta miƙe. Ba ya daɗewa, wata uku ko huɗu ya sake ta. Ta faɗi sunansa, ban riƙe ba. Ta ce likitan ya daɗe yana yi mata tsiya, wai masu zuwa na tsammanin fushi take yi da su, saboda layuka biyun nan da ke tsakanin girarta. Ran nan ya ce ta zauna ya yi mata, don masu zuwa su ga aikinsa tun daga ƙofa. Ta zauna. Washegari aka buga mata tarho.

Sai a lokacin na gane abin da idona ke nema kwana da kwanaki bai samu ba. Layukan nan biyu na Baba ne. Duk kasuwa da su aka san shi, yara na gudunsa a kansu alhali ko kaza ba ya iya kora. A cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta ɗauko su.

Ta ce: "Yanzu ke ki hwaɗa mini. In bar Inna tana ganin ban yahe mishi ba, ko in ce mata na sa an goge mini goshinshi yana kwance yana ciwo? Wanne ya hi?"

Na ce mata ai ba ta san yana ciwo ba. Ta ce wannan ba zai hana maganar yin nauyi ba. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, na rantse.

Rantsuwar ta kai har hantsin washegari. Ba yabon kaina nake ba, ni sirri a bakina ruwa ne a rariya. Amma wannan karon na kwana ina juya shi, na ga ni na ƙulla da bakina, ni ya kamata in kwance. Ina tsinke wa Inna zogale a bakin ƙofarta, na fara. Yadda na iya na faɗa: an yi wa 'yar'uwata allura da dafi a goshi, naman ya yi barci, ko tana so ko ba ta so ba zai motsa ba sai ya farka. Na faɗa mata abin da na ji ta bayan labule. Na faɗa mata har da hular.

Inna ta tambaya ko ciwo ne ya sa aka yi mata. Na ce a'a, lafiyarta lau.

"Dahi," in ji Inna. "Ga goshi. Da lahiyarta."

Ina ta jiran abin da zai biyo baya. Na tsinke zogale har na fara tsinke sanduna. Can ta ce in kirawo ta.

Yayata ta shigo, ta harare ni da idon da ya rage mata na harara, ta durƙusa nesa kamar kullum. Inna ta ce ta matso. Ta matso. Ta ce ta ƙara. Ni tun da nake ban taɓa ganin hannun Inna a jikin yayata ba. Ranar na gani. Ta ɗaga mata haɓa, ta juya fuskar wajen haske, ta sa yatsa biyu tsakanin girarta, ta haɗa fatar da kanta har layukan suka fito. Ta riƙe su haka tana kallo. Ta saki, suka ɓace. Ta sake haɗawa.

Ta ce: "Suna nan ƙarƙashi."

Yayata ta fashe da irin kukan jiya. Inna ta janye hannunta, ta koma kan carbinta, kamar wadda ta tuna kanta. Da kukan ya lafa, ta ce, tana kallon bango kamar yadda ta saba, in abin ya farka a je wurin mai hoto a aiko mata. Sannan ta ƙara da cewa furar jiya ta yi tsami da yawa, gobe a rage nono. Da muka fito yayata ta ɗaka mini duka a baya, irin na yarinta.

Ta koma ranar da aka ɗibar mata. Hoton ya iso 'yan kwanaki bayan Inna ta fita takaba. Yayata ta murtuke fuska a ciki iya ƙarfinta, kamar wadda aka ci wa amana a kasuwa, layuka biyu sun fito raɗau. Muka yi ta dariya, Inna ta karɓe ta sa a ƙasan akwatinta. Gwaggo da ta gani ta ce ai ta san za a rina, saiwoyinta ba su taɓa ba ta kunya ba. Har ta rasu a kan haka take, ba wanda ya ga amfanin gardama da ita.

Yanzu yin allurar nan ya zama ruwan dare. Ina jin 'yan mata na maganarsa, wasu har Yamai suke zuwa a yi musu. In sun tambaye ni, ba na ce musu ku yi, ba na ce musu ku bari. Fuskar mutum tasa ce. Abin da na ɗauka ni kaɗai shi ne, na daina auna baƙin cikin mutane da ido a gidan mutuwa. Mun yi kusan raba uwa da 'ya a kan wani ɗan nama da bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma duk cikinmu babu wadda ta yi ƙarya. Abin da muka gani muka faɗa.

Na taɓa tambayar yayata, bayan shekaru, ko ta sake yi. Ta ce ta sake, ba sau ɗaya ba, aikinta na so. Amma kafin ta zauna gaban likitan sai ta buga waya gida ta tambayi kowa da kowa, ɗaya bayan ɗaya, har da mijin gwaggo. Ni da nake amsa wayar ina ta cewa kai, Yaya ta cika zumunci.

Da Inna ta fara kwanciya yau ta tashi gobe, sai yayata ta daina allurar gaba ɗaya. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Inna ta ƙara shekara shida a duniya. Duk shekarun nan yayata ta yi su tana buɗe wa matan can ƙofa da goshin Baba, suna tsammanin fushi take yi da su.