Mai Buga Ƙarfe Ran Lahadi

Cocinmu ba ta da ƙararrawa irin ta birni. Tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin darbejiya, a wani ƙauye gabas da Daura da ba sai na faɗi sunansa ba. Gida tara ne mu masu bi. Tun ina saurayi aka ba ni aikin buga ƙarfen nan ran Lahadi, sau ɗaya da sassafe don mutane su shirya, sau ɗaya kuma idan za a shiga sujada. Ina da hannu, har Musulmin da ke maƙwabtaka da mu suna cewa da buguna suke sanin lokacin kora awaki kiwo.

Da na sayi babur sai abubuwa suka canza. Kasuwar Mai'adua ran Lahadi take ci, ranar kuma kowa yana da abin da za a kai masa: buhun gero, tunkiya ɗaure a baya, wani lokacin har da mai tunkiyar. Na fara da cewa sau ɗaya a wata. Kafin damina ta fita ya zama kowane mako. Sai na tsara wa kaina wata dabara da na ga ta yi daidai: in buga na farko, in jira kaɗan, in buga na biyu tun lokaci bai yi ba, in tada babur. Mutane suna fitowa daga gidajensu da Littafi a hannu, ni ina wuce su ina ɗaga musu hannu.

A raina na ɗauka Allah ya ga zuwana. Ai ni na riga kowa isa harabar coci. Wanda ya tara jama'a, wa zai ce bai halarta ba? Haka nake faɗa wa matata duk lokacin da ta tayar da maganar.

"Maigida, kai kake kiran mutane gaban Allah, kai kuma ka nufi wajen tumaki," in ji ta.

Na ce mata tumakin ma Allah ne ya halicce su. Ba ta yi dariya ba.

Addu'ar da muke yi da iyali bayan tuwo ita ma ta bi sahu. Nakan dawo jikina kamar an yi mini duka, in ce su fara ina zuwa, kafin su kai amin na yi barci a kan tabarma. Na san ina nisa da Ubangiji, ba zan yi ƙarya ba. Abin yana ɗan sosa mini rai a kan hanya, sai wani ya ɗaga hannu yana neman a kai shi, in manta.

A cikin wannan hali tsohon fastonmu ya yi ritaya ya koma garinsu. Aka turo mana wani mai bishara da ke zaune a Daura, yana zuwa da hantsi ran Lahadi, ya koma bayan azahar. Na ji labarinsa a bakin matata: yana da fara'a, wa'azinsa ba ya tsawo. Na ce madalla, zan zo mu gaisa. Wata bakwai ina cewa zan zo.

Wata Lahadi sarƙar babur ta tsinke ban yi nisa da gari ba. Buhunan da na ɗauko na sauke su a gidan wani idon sani, na turo babur ina haɗa gumi ina masifa ni kaɗai. Da na iso darbejiya na ji ana waƙa. Na ce tunda kasuwa ta wuce ni, bari in shiga. Na kakkaɓe wando, na zauna a bencin baya.

An yi plasta a bango, ban san an yi ba. Waƙar da ake yi ma sabuwa ce, yara sun iya, ni ina motsa baki kawai.

Bayan waƙa mai bisharar ya miƙe don sanarwa. Ya dubi baya, fuskarsa ta cika da murna.

"Yau Ubangiji ya kawo mana baƙo. Ɗan'uwa, sannu da zuwa. Ka tashi ka gaya mana sunanka da inda ka fito, mu marabce ka."

Na waiwaya in ga wanda yake nufi. Bango ne a bayana.

Wata dattijuwa da ta goya ni ina jariri ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta fasa. Matata ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta. Mutumin nan ba gatse yake yi ba, da gatse ne da na san amsar da zan ba shi. Da zuciya ɗaya yake murmushi yana jirana.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na miƙe, na faɗi sunana, na ce daga nan garin nake. Jama'a suka tafa mini sau uku, yadda muke yi wa baƙi.