Safiyar Da Karnuka Suka Mayar Da Ni Ɓarawo

A shekarun da zan ba ku labarinsu ni saurayi ne a Bebeji. Na gama karatu a Kano na dawo gida ba aikin yi, kuma ba abin da nake so a duniya irin in ga kaina cikin kakin soja. Wani da ya taɓa zuwa wajen tantancewa ya gaya mini cewa gudu ne ke kayar da yawancin samari, sai na ɗora wa kaina gudun safe. Da an idar da sallar asuba zan saka kambas, in ja hular rigar sanyi in rufe kai, in toshe kunnuwa da waƙa daga wayata, in kama hanya. Mahaifiyata kullum sai ta yi mini tsiya, wai ita tunda take ba ta taɓa ganin mai hankali yana gudu ba tare da wani abu ya biyo shi ba. Ni kuwa kallon rashin wayewa nake yi mata. Har yau ina kewar waɗannan safiyoyi, lokacin da jikina ba nauyi, masu ƙosai suna hura wuta, gari shiru sai ƙarar takalmina.

Da farko bakin titi nake bi, amma manyan motoci da 'yan acaɓa suka ishe ni, sai na gano wata siririyar hanya da ta ratsa gonakin masu noman rani ta gangara wajen ruwan Tiga. Wuri ne mai daɗin gaske, ga tumatir da albasa da alkama kore shar, ga iska mai sanyi daga bakin ruwa. Nakan ga manoma suna fitowa daga bukkokinsu, wasu su tsaya suna kallona, ni kuwa ko hannu ba na ɗaga musu. A tunanina magana tana karya numfashin mai gudu, kuma ina ji da kaina, ina ganin soja ne ke wucewa. Ban san cewa a wannan ranin an addabi mutanen da satar injinan ban ruwa ba, har ta kai sun koma kwana a gona, sun kuma samo karnuka daga wajen mafarauta suna sakinsu.

Ranar da abin zai faru gari bai gama wayewa ba. Saboda waƙar da ke kunnena ban ji haushin komai ba, sai dai na ji an fizgi ƙafar wandona. Ina waiwayawa na ga karnuka sun yi mini ca, wani ja mai yankakken kunne yana gaba, haƙora a waje. Duk jarumtar da nake ji da ita nan take ta gudu ta bar ni. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, na faɗa cikin albasar mutane ina tattakewa. Jan karen ya cim mini ya kafa mini haƙori a ƙwauri, wayata ta faɗi ban ko tsaya nemanta ba. A nan ne na ji wata murya daga bukka ta kwarma ihun ɓarawo, wata ta amsa daga can nesa, kafin ka ce me duk fadamar ta ɗauka. Allah ya taimake ni da wata bishiyar mangwaro, ban san yadda aka yi na ga kaina a samanta ba, jini yana zuba cikin takalmina.

Karnuka suka kewaye gindin bishiyar, mutane suka kewaye karnukan, kowa da gora ko adda a hannu. Wani magidanci, wanda daga baya na ji cewa injinsa aka ɗauke ana tsakiyar ban ruwa har shukarsa ta ƙone, ya rantse cewa ya daɗe yana ganina ina wucewa da kai a rufe ina leƙen gonaki, ban taɓa yi wa kowa sallama ba. Wasu suka ce su ma sun shaida ni. Na ce musu motsa jiki nake yi, sai wani ya tambaye ni wane irin motsa jiki ne ake yi cikin albasar mutane da fuska a ɓoye. Na faɗi unguwarmu a Bebeji, ba wanda ya saurare ni. Wani saurayi ya fara jifana da hoge, wani ya kama reshe zai hawo. Na sha jin yadda irin wannan taro ke ƙarewa, kuma wallahi a ranar na sallama, kalmar shahada kawai nake maimaitawa.

Ana cikin haka sai ga wani dattijo masunci ya hawo daga bakin ruwa da koma a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba, ya dai ratsa mutanen ya tsaya ya ɗaga kai, ya ce in cire hular nan. Da na cire sai ya ce, “Yaro, a gidanku ba a gaida mutane ne?” Daga kan reshe na yi sallama na ce ina kwananku. Abin mamaki wasu suka amsa, don bakinsu ya riga ya saba. Ya tambayi sunan mahaifina na faɗa, bai san shi ba, domin mahaifin nawa a Bebeji ya tashi. Ya tambayi asalinmu, na ce kakannina mutanen tsohon garin nan ne da ruwan dam ya cinye. Ya ce kowa ma yana iya faɗin haka, su kansu da ke tsaye nan yawancinsu daga can aka taso iyayensu, in gaskiya ne in gaya masa inda gidanmu yake. A nan labaran kakata suka dawo mini, waɗanda take ta maimaitawa har mu gaji mu tashi mu bar ta. Na ce gidan yana bayan karofi, da tsamiya a ƙofarsa, kuma kakana maƙeri ne. Ya tambaye ni da wane hannu yake riƙe masaba, na ce bahago ne.

Dattijon ya ajiye komarsa. Sai ya ce, “Sauko, ɗana. Kakanka ne ya ƙera mini fartanyata ta farko.” Ya sa aka kama karnukan, gorori suka yi ƙasa, kowa ya fara kawar da kai. Mutumin nan da ya fi kowa rantsuwa a kaina shi ya goya ni a babur zuwa asibiti, yana ta ba ni haƙuri a hanya, ni ma ina ba shi. Aka wanke ciwon aka fara mini allurar cizon kare. Sai dai ƙafar ta kumbura ta ƙi warkewa da wuri, lokacin tantancewa ya zo ya wuce ina ɗingishi, kuma kafin wata damar ta zo shekaruna sun haura. Ban taɓa saka kakin nan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Da na warke na je yi wa dattijon godiya. Ya kama hannuna ya zaga da ni gona gona yana cewa ga jikan maƙeri, ni kuma ina durƙusawa ina gaisuwa. Har jan karen aka riƙe ya shinshina ni. Daga nan na zama ɗan gida a fadamar, in na zo wucewa sai an tsayar da ni an cika mini hannu da tumatir. Wata rana da ruwa ya ja baya ya saka ni a kwalekwale, muka yi nisa, ya tsayar da filafili ya nuna mini wani wuri da ba komai sai ruwa, ya ce nan ne ƙofar gidan kakana. Mun daɗe a wurin kafin ya juya kwalekwalen.

Abin da nake so 'yan'uwana matasa masu gudun safe su ɗauka shi ne, kada ku ratsa wurin mutane kamar ba ku gan su ba. Ku buɗe fuska, ku buɗe kunne, ku yi sallama ko da numfashi zai karye. In kare ya taso muku kada ku juya masa baya da gudu, in kuma ya yi cizo a wanke da sabulu a nufi asibiti. Masu saurin ihun ɓarawo kuma ku ji tsoron Allah, ku tambayi mutum kafin ku ɗaga gora. Dattijon nan ya rasu, kakata ma ta rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗanda suka san tsohon garin suna ta ƙarewa, kuma idan yau wani nawa ya maƙale a kan bishiya, ban san wanda ya rage da zai tsaya ya tambaye shi inda gidan kakansa yake ba.