Tsanin Malam na Sabuwa

Wautata ita ce ba na jin magana sai na gyara ta, ko da ban gane ta ba. Aji biyu na yi a firamaren Ƙanƙara, na fita da niyyar fitsari, har yau ban koma ba. Amma Allah ya ba ni 'ya mai aikin kwamfuta.

Da ta zo hutu gab da damina, sai in gan ta a tsakar gida tana goge rubutu a na'urarta. Na tambaye ta mi take yi. Ta ce duk abin da aka jona wa kwamfuta, sai ya ari wuri da wuta da hanya, in an cire shi kuma dole ya mayar. Wanda ya fara rubuta tsarin ya warwatsa aikin mayarwar ko'ina, wani abu a manta shi, wani a mayar sau biyu, kwamfutar ta sandare. Ita tana tattara shi wuri guda.

"Kuma Baba, abin da aka ara a ƙarshe shi ake fara mayarwa."

Na ce wannan rashin tarbiyya ne. A ƙasarmu babba ake fara sallama.

Maganar ta zo mini daidai, don yayana na Faskari ya rantse ba zai ara mini shanun huɗa ba bana sai na mayar da kayan mutane. Ba shanu, ba huɗa, ba dawa. Kayan kuwa duk suna kan sorona, inda idon masu su ba ya kaiwa: famfon feshi, galma, buhunan shanya, keken da ba ƙafa. Na aika wa kowa ya zo rana guda, a yi a wuri guda, kamar yadda 'yata ke yi. Tsarin kawai na gyara.

Na kafa tsani na hau soro, jama'a suka cika ƙofar gida. Na yi gyaran murya na ce a fara da mafi tsufa a cikin aro. Malam na Sabuwa ya matso, dattijo mai furfura har gira. Tsaninsa ya fi 'yata daɗewa a gidan.

'Yata ta ɗaga kai. "Baba, ka sauko tukuna."

"Ke, yi shiru, manya na magana. A ba Malam tsaninsa."

Malam bai yi musu ba. Ya ɗaure shi a bayan babur, ya yi mini addu'a, ya kama hanyar Sabuwa. Na biyu a tsufa igiyar da nake zuro kaya da ita ce, ta wani mahauci daga Mabai. Na jefa masa da hannuna. Sai da mai famfon feshi ya ce a sauko masa da nasa na duba gefen soro, na ga ƙasa ta yi nisa.

Uwargidana ta turo mini tuwo a kan gora. Maƙwabta masu tsani duk sun san ni, kowa ya ce nasa ya karye jiya.

Da la'asar yayana ya iso da shanun. Ya dube ni zaune tsakanin galma da keke, ya ɗaure su a gindin darbejiya, ya ɗaga kai ya ce:

"Ga shanu, na ga ka fara tuba. Saura ka nemo wanda zai ara maka tsani a garin nan."